Yayen Maigida

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni, sai ta fuskanci tukunya ko ƙofar ɗaki ta ce a gaya wa wanga tuwo na hucewa. Wurin kakata aka kai ni yaye, ba a kuma dawo da ni ba sai da na isa kiwon awaki. Haka ake yi a ƙauyenmu na bayan Maradun, ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Ni na ga abin magana, bayan na fita duniya. A makarantar mishan na zama Kirista, daga nan aiki ya yi ta jefa ni Yamai, Kumasi, Ikko. A tashar Kumasi na ga uwa ta rungume ɗanta mai gemu a gaban jama'a tana kiran sunansa, na tsaya ina kallo kamar ɗan ƙauye. Da aka fara aikin madatsar Bakolori na dawo gida na zama tafinta tsakanin Turawan aikin da leburori. Turawan nan kowa da hoton ɗansa a aljihu, ko ba ka tambaya ba sai ya nuna maka. Sai na yanke a raina cewa kunyar ɗan fari rashin wayewa ce, kuma ɗana ba zai taso a hannun kowa ba sai nawa.

A Talata Mafara muke zaune, ni da matata, mutumiyar Zuru, da yaronmu. Cocinmu rumfar kwano ce a bayan gidajen ma'aikata, bencinanta ragowar katakon aiki. Akan yi waƙa da Hausa, a yi da Ibo, a yi da Tibi, don kowa da inda ya fito. Yaron yakan yi barci duk tsawon wa'azi, da an buga ganga ya farka ya kama dukan benci da maficin uwarsa. In an tashi sujada, mu hau babur mu uku mu nufi ƙauye.

Baba malami ne, mutane na zuwa har daga Bakura karɓar rubutu a zaurensa. Maganar addinina sau ɗaya ya yi mini ita, tun ina saurayi, bai sake ba. In mun iso ranar Lahadi, iyakar abin da zai tambaya shi ne ko an taso lafiya. Inna kuwa ba ta kallona, yaron take tarba tun daga bakin zaure. Maigida take kiransa, kamar yadda kakanni ke wasa da jikoki.

"Maigida, yau ma hannu biyu? Ina cehwanena? Miji sai ci, ba ya kawo ko gishiri."

Shi kuma ya ja mata ɗankwali, ta yi kamar za ta kai ƙararsa wurin Baba. Duk abin da ba ta yi mini ba, a gabana take yi masa. Ta goya shi, ta tauna masa dankali, ta kira sunansa sau goma kafin la'asar. Na ga wannan da idona, amma a lokacin haushi ya fi ba ni.

Da yaron ya kusa shekara biyu, wata Lahadi muka tarar Inna ta sa an yi wa ɗakinta sabon daɓe, har yana ƙamshin makuba. A gindin turke ga akuya mai shayarwa da ta samo musanye da tinkiyarta. Ga wata 'yar ƙwarya sabuwa da ɗan ludayi an rataye a maragaya. Ta ɗora yaron a cinya, ta juya mini baya, ta ce masa:

"Maigida, ka hwaɗa ma mutanen gidanku an gyara maka ɗaki. In sun ga dama."

Aikina ke nan kullum, in ji abin da mutum ke nufi in faɗa wa wani. Na ji ta sarai. Yaye take roƙo, kuma ba ta da wata hanyar roƙona da ta wuce wannan. Sai na duƙa ina duba tayar babur.

A hanyar komawa matata ta ce ita ba ta ga laifi ba, ko a wajensu kaka ce ke yaye, wata ɗaya ne ko biyu. Na ce mata ba ta san gidanmu ba. Ranar yaye akan wanke allo a ba yaro ya sha, kuma Lahadi nawa zai yi ba coci. Ta ce yaron da ke barci a coci me zai rasa. Har faston namu, wani dattijo mai sanyin magana, na kai wa zancen ina neman ya goya mini baya. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi abin da ya karanta shi ne a girmama uwa da uba, bai ga inda aka ware iyayen da ba sa zuwa coci ba. Ban ji daɗin amsar ba, na ajiye ta gefe.

Ban ce wa Inna a'a ba. Da ma na ce, da ya fi. Na dai riƙa faɗa wa iska cewa sai bayan Kirsimeti, sai aiki ya yi sauƙi. Lahadi uku muka yi ba mu je ba, a cikinsu na sa matata ta shafa maɗaci a nono ta yaye shi a gida. Kwana huɗu ya yi yana kuka, na yi ta zagaya tsakar gida da shi a kafaɗa ina gaya wa kaina haka uban kirki ke yi.

Da muka koma, Inna ta dama fura a 'yar ƙwaryar nan ta ba shi. Ya shanye, ya sauka ya bi kaji, bai ko waiwayi uwarsa ba. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi gaban rigar matata.

"Ashe ka girma ban sani ba, maigida," in ji ta.

Ta wanke ƙwaryar, ta kife ludayin a ciki, ta miƙa wa matata ta ce a tafi masa da ita, ya saba da bakinta.

Da za mu tafi Baba ya rako ni har gindin tsamiyar ƙofar gida, abin da bai saba ba. Ya ce tun ranar da aka yi daɓen ya gaya wa Inna ba zai yi wa yaron rubutu ba sai ubansa ya ce, kunu da nonon akuya sun isa yaye. Ita ma ta yarda, har ta ce ranar Lahadi za ta yi masa wanka da wuri mu zo mu ɗauke shi zuwa wurin ibadarmu mu dawo mata da shi.

"Da ka tambaye ni," ya ce. "Ni ai ba kunyarka nike ji kamar ita ba."



Ba a daɗe ba aka tashi ƙauyenmu saboda ruwan madatsar, aka mai da su wani tudu mai tsakuwa inda ko daɓe ba ya kamawa da kyau. Ni na riƙa fassara wa mutanen namu ranar da za a kwashe su. Ɗakin da Inna ta gyara yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Na yi niyyar in mun sami na biyu, ranar yaye da kaina zan kai mata. Ta rasu matata na da cikin wata shida.

Yaron yanzu shi ma ya yi furfura, kuma bai tuna Inna ba sai abin da muke ba shi labari. Da ɗiyarsa ta isa yaye ya kawo mana ita ba tare da mun roƙa ba, ya ajiye ta da jakar kayanta ya koma bakin aikinsa. Matata ta ciro ƙwaryar daga ƙasan akwati, ta tsage ta gefe an ɗinke. Ta dama kunu ta miƙo mini ta ce in ba jikarmu. Na ce ta ba ta da kanta, ni na fita waje.