Haƙorin Ƙarshe

Ni dai lakwal, wato makarantar boko, sai da aka kamo ni daga kan tsamiya aka kai ni, kafin damina ta faɗi kuma na gudu. To bakin da bai yi karatu ba, surutu yake yi. Duk Tsarnawa an san ba a barin ni da baƙo, sai na gajiyar da shi.

Lokacin ina da injin niƙa, shi ne gonata, shi ne jakina. Wata rana pinyonsa ya karye, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya dutsi. Na bi kantunan Ƙonni, na tsallaka iyaka, babu irinsa. Mata suka koma turmi suna yi mini waƙar habaici. In ban samu pinyo ba, sai dai in sayar da injin a matsayin tsohon ƙarfe in tafi ci-rani.

Wani direba ya aike ni Dogarawa, wurin wani tsohon makaniki da ya bar izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, bayan idonsa ya yi rauni. A ɗakin bayan gidansa yake aiki. Ba wuta, ba zuga, ba guduma. Daro ne cike da ruwan sama, ƙarfe a nutse ciki, ga batiran mota jere, ga injin tsohon garmaho yana jan siririyar wayar tagulla. Wayar ba ta taɓa ƙarfen. Wani shuɗin tartsatsi ne ke tsalle tsakaninsu cikin ruwa, yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan, ruwan yana yin baƙi. Maƙeran garin ko ƙofar gidan ba su bi.

"Mai inji," in ji tsohon, "an ce bakinka ba shi hutawa."

"Sharri ne, Baba."

"To in waya na aiki, ko sallama ba a yi. Da kunne nike gani."

Haka ne kuwa. Karan dawa yake kafawa a jikin daron, ɗaya bakin a kunnensa, hannun dama kan wani sukuru. Da shi yake karkata ƙarfen duk inda haƙori zai lanƙwasa. In ya kuskure, waya ta tsinke, aiki ya ɓaci.

Ya karɓi aikin yanka mini sabon pinyo. Ranar da ya ce in dawo, na iso da hantsi. Na tarar da shi jingine da bango, kara a kunne, hannu kan sukuru, saura haƙori ɗaya. Na zauna na haɗiye gaisuwata. Ba ka jin komai sai tsit-tsit, kamar ana suyar gyaɗa a wani gida can nesa. Can matarsa ta ɗaga asabari ta shigo, ta murɗa garmahon, ta fita ba ta dube mu ba.

Aka kira azahar bai motsa ba. Na ce a raina yau na ga wanda ya fi ni wasa da salla. Sai ƙuda ya sauka a gefen idonsa, ya yi tafiyarsa har cikin farin idon. Idon bai ƙifta ba.

Na miƙe na leƙa tsakar gida. Matar tana zaune a tabarma, ta riga ta ɗebo ruwan wankan gawa ta jera tuluna.

"Inna," na ce da raɗa, "Baba fa..."

Ta ɗora yatsa a baki. "Na sani tun da sahe. Waya na aiki."

"To a kashe mana."

"Ba ni da wannan izini. Kai kana da shi?"

Ba ni da shi. Na koma na zauna kusa da ƙofa, ina kallon ƙasa, don ban yarda in kalli hannun nan ba. Tartsatsin bai canza murya ba. Ban san iya zaman da na yi ba, sai na ji ƙwal, guntun ƙarfe ya faɗa gindin daro, ɗakin ya yi shiru. A nan ne ta sa kuka, maƙwabta suka shigo.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ta miƙo mini pinyon a naɗe cikin tsumma. A mota na buɗe, na bi haƙoran da babban yatsa. Na ƙarshen ya lanƙwasa daidai da 'yan'uwansa, lanƙwasar da ba ta yiwuwa sai an murɗa sukuru. Ban tambayi kowa ba, ni da ke tambayar ko kuɗin akuyar da ba tawa ba.

Na ɗaura shi, ya zauna kamar tare aka haife su da injin. Na ja igiya, ya tashi, gari ya fara zuba. Matar da ta kawo hatsin farko ta lura ina tsaye ƙafa ɗaya a cikin ɗakin injin, ɗaya a waje. Ban yarda in tsaya ni kaɗai da pinyon nan ba, na roƙe ta ta zauna ta yi mini hira har in gama.