Jethro Caunter, Wanda Ya Yi wa Zoben Mutanen Farko Jinka

Haihuwa

An haifi Jethro Caunter a shekarar 1809 a ƙauyen Widecombe, bisa tudun Dartmoor. Mahaifinsa Ambrose makiyayin tumaki ne, sunan mahaifiyarsa Keziah. Bai yi makaranta ba. Jera katangar dutse ba laka ya koya, kuma a zamaninsa babu na biyunsa.

Aure

A 1834 ya auri Thirza Hext. Ba su da muhalli sai rumfar manomin da yake yi wa ƙodago, kuma da Thirza ta sami juna biyu manomin ya ce su tashi kafin sanyi.

Ginin yini ɗaya

Al'adar tudu ita ce, wanda ya tayar da gida tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, har hayaƙi ya fita ta rufinsa, gidan ya halatta gare shi. A watan Yuni na 1835, ranar da manoma suka tafi kasuwar shekara, babu mai hana gini, Jethro ya tara 'yan ƙodago. Ya kai su wani zoben dutse, kufan ɗakin mutanen farko tun kafin a san ƙarfe. Bangon na tsaye har ƙugu, ƙofar ta juya wa iska baya.

Silas, yayan Thirza, ya ce, "A rushe a yi mai kusurwa irin na mutane! Ƙanwata tunkiya ce da za ta kwana a garke?"

Jethro ya ce, "Rana ƙanwarka ce da za ta jira ka? Ɗauko dutse, sarkin surutu!"

Maza suka yi ta jido a guje, mata na yankan ciyawa. La'asar sakaliya jinka ta hau. Sai ga manoma an hango suna dawowa, ga itace ɗanye ya ƙi kamawa! Thirza ta fizge malafar Silas ta cusa a murhu.

"Sabuwa ce fa!" in ji Silas.

Hayaƙi ya turnuƙe sama, rana na bakin dutse. Manomin da ya ce su tashi ya tsaya, ya duba hayaƙin, ya wuce.

Rasuwa

Jethro ya rasu a wannan gida a watan Maris na 1888. Makiyaya suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar cocin Widecombe. Ya bar 'ya'ya uku: Tamsin, Reuben da Noah. Dukansu a cikin zoben aka yanke musu cibiya, kuma bayan rasuwarsa gidan ya zauna a hannun Tamsin.