Ba Laifi

A shekarar da zan gama karatun aikin jarida a Mubi, babu kalmomin da na tsana kamar "ba laifi". Aikinmu na ƙarshe shi ne kowa ya nemi mawaƙin da duniya ba ta san da shi ba, ya shirya masa bidiyo da talla, sannan ya fita ya jiyo abin da jama'a za su ce. Ni ban wahalar da kaina da nema ba. Ƙanena Ishaya na ɗauka, wanda tun yana yaro ya hana mu sakat da waƙa a gida. A lokacin kuwa yana cikin tsaka mai wuya. Kawunmu na Yola ya ajiye masa gurbi a shagonsa na kayan babur, shi kuma ya yi wa Baba alkawari da bakinsa cewa in wannan karon ma waƙarsa ba ta karɓu ba, zai rataye jita ya hau mota bayan Kirsimeti.

Waƙoƙi biyu muke da su. Ta farko rabinta Turanci ne, muka aro mota mai sheƙi don bidiyonta, ya saka baƙin gilashi ya jingina da ita kamar ta gadonsa. A kan wannan waƙa muka zuba duk ƙarfinmu. Ta biyu kuwa da wasa ya yi ta, labarin wani ɗan acaɓa da ya ɗauko buhun uwarsa daga ƙauyenmu Vimtim zuwa gari da damina, ruwa ya tare shi a bakin mayo, wato rafi. Hausa ce gauraye da yarenmu, da wayata na ɗauke ta a gona. Wani mai shiri a rediyo ya yarda zai saka mana, amma guda ɗaya tak. Sai na shiga gari da waya a hannu, ina kunna wa mutane ina tambaya. Ta mota, ba laifi. Ta babur, ba laifi. 'Yan ajinmu, matan coci, mai shayin bakin layinmu, kamar sun haɗa baki. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Saratu, wannan ai gaisuwa kika tattaro. Koma ki nemo ra'ayi."

Na dawo gida raina a ɓace, na zauna a bakin ƙofa ina tunanin inda zan dosa. Sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Muna yara, duk hutun ƙarshen shekara a Vimtim muke yin sa, a gidan Kaka mahaifiyar Baba. Lokacin an gama girbi, buhunan gyaɗa jingine da rumbu, kuma babu injin ɓara a gidan sai mu jikoki. Da an ci tuwon yamma Goggo Ladi za ta hura wuta a tsakar gida, ta juye gyaɗa a tabarma, ta miƙa wa kowa ƙwarya. Ɓawon muke watsawa cikin wutar, dankali na gasuwa a toka. Kaka tana zama a kan turmin da aka kwantar, zane biyu a kafaɗa, ƙafafunta dab da garwashi har muna tsoron kada su gasu tare da dankalin.

Mu 'yan gari ba mu iya yarenta sosai ba, don haka da Hausa take ba mu tatsuniya. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta, har ni. In za ta fara sai ta ce, "Wa ya zo da kunne?"

Mu ce, "Mu ne."

"To a bar baki a ɗaki."

Abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne, Kaka ba ta kallon fuskokinmu in tana magana. Hannayenmu take kallo. In tatsuniya ba ta kama mu ba, ƙarar ɓara na ci gaba, ɓas ɓas ɓas, sai ka ji ba zato ba tsammani ta ce kura ya zo ya cinye kowa, ya ƙare. Ta kashe mutanen kirki da yawa ta wannan hanya, har da wata amarya da ba ta kai ga shiga ɗakinta ba. In kuwa ta kama mu, hannaye sukan tsaya cak, gyaɗa a tsakanin yatsu, a nan ne za ta gyara zama ta ja labari. Goggo Ladi ce ke shan haushi.

"Mama, don Allah yau ki ba su marar daɗi. Gyaɗan nan gobe za a kai kasuwa."

"Ni ba ni da marar daɗi," in ji Kaka. "Ka je ka aro a maƙwabta."

Tatsuniyar da na tuna a bakin ƙofar nan ita ce ta Zabo. Wai a da can jikin Zabo baƙi ne wuluk, babu ɗigon fari ko ɗaya. Sarkin tsuntsaye zai aurar da 'yarsa, aka ce Zabo ne zai yi waƙar biki. Amma akwai doka a garin, duk mawaƙin da ya sa biki ya yi sanyi, fige shi za a yi a jefa a miyar baƙi. Zabo yana da waƙa biyu. Ɗaya ya koyo ta a wurin Kanari, yana matse murya yana miƙa wuya. Ɗayar kuma ita ce wadda yake yi shi kaɗai in yana tonon ƙasa, wadda yake jin kunyar a ji. Ya rasa wadda zai kai fada, sai ya shiga gari yana rera wa dabbobi yana tambaya.

A nan Kaka takan tsuke baki ta kwaikwayi kowa. "Akuya ya ce ba laifi. Jaki ya ce ba laifi. Kaza ma, da bakinsa mai tsini, ya ce ba laifi. To ku gaya mini, wanne a ciki zai hana mutum shiga tukunya?"

Zabo ya zauna a gindin tsamiya yana kuka, yana shafa gashinsa yana ban kwana da shi. Ashe Hawainiya na bisa reshe. Ta ce masa, "Kai ka yi waƙa ka wuce, kar ka tambayi kowa. Ni zan hau bayanka. Ina da ido ɗaya na gaba, ɗaya na baya." Haka suka zaga gari. Da ya yi waƙar Kanari, Akuya ta ci gaba da tuƙa, Jaki na korar ƙuda da wutsiya. Da ya yi tasa ta tonon ƙasa, Hawainiya ta juya idon baya, sai ga Akuya tsaye da ciyawa a baki ta manta da taunawa, ga 'yan tsaki sun bar uwarsu sun biyo shi a layi. Ranar biki ita ya yi. Tsuntsaye suka yi ta yi masa liƙi da farar dawa har ta manne a jikinsa, shi ya sa har yau yake da ɗigo-ɗigo. Hawainiya kuma kowane baƙo ya ba ta zane, shi ya sa ba ta kwana da kala ɗaya.

"Na sauke kayana a nan," in ji Kaka, "mai so ya ɗauka." Muka duba ƙorenmu, ko gindinsu ba a rufe ba. Goggo Ladi ta kwashe tabarma tana mita, mu kuma muna rabon dankali muna ƙona yatsu, muna dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin zama a wani wuri kamar tsakar gidan nan ba.

Washegarin ranar da na tuna da wannan, na je wurin maƙwabcinmu Buba, mai keke napep. Kekensa yana da sifika da ake ji tun daga kwanar layi. Na roƙe shi ya riƙa saka waƙoƙin nan biyu a cikin sauran waƙoƙinsa, ni kuma zan zauna a lungun baya kamar fasinja, ba zan ce uffan ba.

"Wato yawo kyauta kike so," in ji shi.

"Bincike ne, Buba."

"To malama mai bincike, in taya ya yi faci ke za ki tura."

Muka yi ta zaga Mubi, daga kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa ƙofar makaranta. In waƙar mota ta zo, babu abin da ke canzawa. Mai waya na wayarsa, masu gardamar tsadar mai na gardamarsu. Na ji zafin wannan ƙwarai, don ni na san daren da na ɓata ina gyara bidiyonta. Amma da ta babur ta fara, wata mata da ke ƙirga canji ta tsaya da kuɗin a hannu. Wasu 'yan mata biyu suka katse gulmarsu, ɗaya ta taɓa kafaɗar Buba ta ce wane ne wannan. A shagon wani tela da muka tsaya ajiye kaya, na ga ƙafarsa ta sauka daga kan keken ɗinki tana buga ƙasa.

Sai wani dattijo Bafulatani ya tare mu, da sandarsa da malafarsa, ya ce kasuwar shanu za shi. Ya shiga ya zauna a miƙe, fuskarsa ba ta nuna komai. Waƙar babur ta fara muna dab da kasuwar. Buba ya rage gudu, dattijo ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Muka wuce ƙofar kasuwa, muka wuce masu sayar da igiya, muka kusa fita gari, sai da waƙa ta ƙare ya ce a tsaya.

"Baba, ai kasuwa can baya muka baro shi," in ji Buba.

"Na sani. Yaron bai ƙetare mayo ba tukuna, yaya zan sauka?"

Nan na kasa haƙuri. Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wace ce da abin da nake yi, na nemi izinin ɗaukar muryarsa. Ya yarda. Na ce, "Baba, yaya ka ji waƙar?"

Ya shafa gemu, kamar mai duba saniyar da zai saya. Can ya ce, "Ba laifi."

Buba ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya har keken na girgiza. Muka juya muka mayar da dattijo kasuwa.

Malamina ya karɓi aikin da murna, ya ce in ajiye abin da mutane suka faɗa a gefe guda, abin da na gani da idona a gefe guda, in bar mai karatu ya auna. Ishaya ne ya ba ni wahala. Kwana ya yi ba ya kula ni.

"Yaya, mota fa muka aro. Har wanke ta na yi."

"Na sani."

"A waccan kuma silifas ne a ƙafata. Ɗaya ma ya tsinke."

"Ita za mu kai rediyo, da tsinkakken silifas ɗin."

Muka kai. Ba zan ce gari ya girgiza ba, amma kafin Kirsimeti 'yan acaɓan Vimtim sun mayar da ita tasu, an kuma gayyace shi biki a Mayo Bani, wurin mutanen da ba su san kowa a gidanmu ba.

Yanzu da nake aikin da kullum sai na tambayi mutane ra'ayinsu, na daina jin haushin amsar nan. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba. Ba sa son su karya maka gwiwa kana tsaye a gabansu, ba sa kuma son su yabe ka ido da ido har kanka ya kumbura, sai su ba ka kalmar da ba za ta ji wa kowa ciwo ba. Sauran maganar tana wurin hannu da ƙafa, da inda mutum ya manta bai sauka ba. Kaka ta san jikokinta za su ce kowace tatsuniya ta yi daɗi don suna ƙaunarta, shi ya sa ba ta taɓa tambayarmu ba. Da ina yarinya na ɗauka labarin Zabo ne take ba mu. Sai da na girma na gane aikin Hawainiya take koya mana, ita da take yin sa kowace yamma a kan turminta.

Bayan Kirsimeti Ishaya ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin ƙofar falo, don alkawari alkawari ne, kuma Baba bai ce masa komai ba. Baba mutum ne da bai taɓa yabon waƙar kowa ba, ko a coci leɓe kawai yake motsawa. Muna karyawa da safe Kawu ya kira daga Yola, Baba ya saka wayar a sifika.

"Ishaya, gurbinka yana nan," in ji Kawu. Ishaya ya sunkuyar da kai. "Amma kafin nan ka turo mini waƙar nan na babur. Makanikai sun dame ni, wai in da gaske ɗana ne in nuna shaida."

Baba ya kashe wayar, ya shanye kununsa a hankali, ya tashi zai fita. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya taɓa jakar da ƙafa.

"Wannan kuma ta waye? A mayar da ita ɗaki, tana tare mini hanya."