Kwanon da Ban Mayar Ba

A wurinmu ba a mayar da kwano wayam. Idan maƙwabciya ta miƙo miki tuwo, sai ki wanke kwanon ki zuba wani abu, ko da gyaɗa ce cikin tafin hannu, sannan ki mayar mata. Da wannan tarbiyyar na tashi, kuma ita ce ta ja mini abin da har yau nake kuka a kansa.

Shekarar da tarin fuka ya kama ni muna zaune a Tiga, mijina yana kamun kifi a dam. Da aka dawo da ni daga asibiti da maganin wata shida, uwar mijina ta ware mini kwano da moɗa, ta ɗaura wa kowanne jan zare don kada wani ya yi kuskure. Ban ga laifinta ba, jikokinta take karewa. Aka kwashe 'ya'yana biyu aka kai su Kiru wurin yayata. Matan da muke surfe tare, waɗanda a da ba sa wuce ƙofata ba su leƙo sun sauke gulma ba, suka koma gaishe ni daga zaure da mayafi a hanci. Na yi kuka har na gaji. Da rana tsaka nake zaune a ɗaki, amma ji nake kamar an riga an binne ni.

Danga ce kawai tsakaninmu da wata tsohuwa Kirista da kowa ke kira Inna. Bahaushiya ce 'yar wani ƙauye a Doguwa, aikin gidan ruwa ya kawo mijinta Tiga, ya rasu ya bar ta a nan. Gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu, sai lokacin Kirsimeti da take kiran mahaucin unguwa ya yanka mata kaji don mu ma mu iya ci. Ranar Lahadi takan dawo daga coci tana rera waƙa da wata irin murya mai sa kaji watsewa.

Wata safiya na ji ana kira ta saman danga, "Ke 'yar nan!" Na fito na ga hannu riƙe da kwanon kunun gyaɗa.

"Karɓi ki sha da zafinsa," in ji ta. "Mai shan magani ba ya zama da yunwa."

Na sha, na wanke kwanon, sai na tsaya da shi a hannu. In mayar wayam, abin kunya ne. In zuba wani abu, daga hannuna ya fito, wa zai ci? Na tura shi ƙarƙashin gado. Washegari wani ya zo, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin mako biyu kwanukan Inna sun ƙare, ta koma ƙwarya, daga nan ta miƙo mini fate a murfin tukunya.

Ranar da murfin ma bai koma ba, sai ga ta ta zagayo ta zaure da sallama, ta shigo har tsakar gida.

"Ke 'yar nan, kasuwar kwano za ki buɗe ne ban sani ba?"

Na fashe da kuka, na gaya mata dalilina. Sai ta ce in fito da tabarma gindin mangwaro, wai ta tambayi malamin asibiti ya ce mata ciwon a numfashi yake, a zauna inda iska ke kaɗawa. Ta ga dambun da na turara wa kaina a kwanon nan mai jan zare. Ta wanke hannu, ta jawo shi gabanta, ta ci har tana suɗe yatsu. Tun da na kwanta babu wanda ya taɓa abin da na dafa sai ita.

Na ce, "Inna, ba kya tsoro?"

Ta ce, "Ina ji mana. Amma fastonmu kullum sai ya ce mu zama haske a inda Ubangiji ya ajiye mu. Ni ban yi boko ba, ban san yadda mutum ke zama haske ba. Na ce to, kunu dai na iya damawa."

Tun daga ranar kullum sai ta zo. Ba ta taɓa ce mini in bar addinina ba. Idan aka kira azahar, ita ke cika mini buta ta ajiye kusa da ni.

Ta kwashe kwanukanta, amma na riƙe guda ɗaya, wata langa mai shuɗin fure da ta ce tun ta aurenta ce. Na ce sai na warke zan cika ta da abin da ya dace da ita. Ta yi dariya ta ce, "Ko gishiri kika zuba, kawo."

Allah ya ba ni lafiya. 'Ya'yana suka dawo, matan unguwa ma suka dawo da gulmarsu. Ni kuwa na ƙudurta sai babban giwan ruwa da sabuwar shinkafa zan kai wa Inna. Idan an samu kifin, shinkafa ba ta zo ba. Idan shinkafa ta zo, kifin bai yi mini girma ba. Akwai kuma abin da ban so faɗa ba: matan sun fara ce mini ƙawar 'yan coci, sai na rage leƙa gidanta. Muna dai gaisawa ta danga, ba ta taɓa tambayar langar ba.

Da ƙafafunta suka gaza, ɗanta ya zo ya tafi da ita gida Doguwa. Ranar tafiyar na ce mata har can zan kai mata langarta. Ta ce, "Ina jira."

Damina biyu suka wuce kafin in shirya. Na soya kifi, na dafa shinkafa, na ɗaure langar da ɗankwali, na riƙe ta a cinya a mota tun daga Tiga har muka wuce Tudun Wada. Da tambaya na sami gidan. 'Yar Inna ce ta fito, wadda ban taɓa gani ba. Ta kalli langar kafin ta kalle ni.

"Ke ce ta Tiga," in ji ta. "Yau kwana tara da muka binne ta."

Na zauna a ƙasa. Ta ce a kwanakin ƙarshe Inna ta daina cin komai, dambu kawai take nema. Sun yi mata sau uku, tana ɗanɗanawa ta ture, ta ce ba irin na 'yarta ta Tiga ba ne. "Muka ce a aika miki, ta ce a bari, kina nan tafe, ai kwanonta yana wurinki."

Masu zaman makoki suka ci kifin. Da zan tafi, 'yar ta wanke langar ta cika ta da gyaɗa ta miƙo mini, don su ma ba sa mayar da kwano wayam. Na buɗe baki in ce tasu ce, kuka ya hana ni.

Langar tana nan a ɗakina har yau. Shekara da shekaru ina jiran babban kifi, alhali dambu take so, kuma ba a taɓa wayar gari babu tsakin masara da zogale a gidana ba.