Rijiyar Bakin Layinmu

Har yanzu idan ka hau adaidaita daga Tarauni ka ce a sauke ka a layin rijiya, babu direban da zai tambaye ka ina ne. Rijiyar ce dai babu. Kwata za ka tarar, da shagon mai cajin waya.

Kakanmu ne ya haƙa ta, tun Gyaɗi-Gyaɗi tana gonaki, kafin ma'aikatan gwamnati da na masaƙu su sayi filaye su cika ko'ina. A waje ya haƙa ta don kowa ya ɗiba. Babanmu ya gaji kula da ita. Da aka sallame su daga masaƙar da yake aiki a Sharaɗa, ya dawo gida ba shi da abin da yake iko da shi sai wannan rijiya. Duk shekara idan zafi ya tsananta ruwa ya ja baya, shi yake kiran yasa: kowane gida ya turo namiji, a kwashe laka da tsofaffin gugunan da suka faɗa. Baba ne yake shiga ciki da kansa, kuma bai yarda kowa ya riƙe masa igiya ba sai maƙwabcinmu, wani malamin makaranta Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Matar malamin ce take dama wa masu aikin kunu, mu 'yan mata mu kai.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a unguwar ya zama ɗan siyasa, har mai faci. Sabon kansila ya sa aka ja mana bututu. Ranar da famfo ya fara zuba mata suka yi ta guɗa. Ni ma na yi, wallahi, don igiya ta gama cinye min tafin hannu.

Sai ga ɗan kwangilar kwata, ya ce rijiyar tana kan hanyarsa, sai an cike ta. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Muna leƙe daga soro muna ji.

"A lanƙwasa kwatar mana," in ji Baba. "Ko a yi mata murfin siminti a bar ta. Me ta ci muku?"

Wani yaron kansila ya ce, "Haba Baba, ai zamani ya wuce guga!"

Aka yi dariya. Malamin makarantar nan ya miƙe ya ce shi ya zauna a garuruwa masu famfo, kuma ya ga yadda yake ɗaukewa. Babu wanda ya kula shi. Mutanen da suka sha ruwan nan tun suna goye, su ne suka fi ɗaga murya.

Tifa ta zo da ɓaraguzai ta juye. Baba bai fito ba. Ya naɗe igiyar ya rataye ta a ƙusa cikin soro, ya kunna rediyonsa.

Famfon ya yi wata da watanni yana zuwa kullum. Daga nan sai da asuba, sai mako-mako, sai ka murɗa ka ji iska kawai tana huci. Kafin zaɓe na gaba yara sun mayar da kansa abin wasa. 'Yan garuwa suka cika layin da kurarsu. Na so ƙwarai Baba ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa mutanen layin ai ya faɗa. Bai taɓa ba, kuma wannan shirun nasa ya fi komai ba ni haushi. Alwala ma sai ya riƙa yi da rabin buta.

A tsakiyar zafi ya rasu, da hantsi. Aka tashi yi masa wanka, randunanmu duk a bushe, 'yan garuwa kuma suna can Unguwar Gano suna bin layi a burtsatse. Maza suka tsaya cirko-cirko a kan kwatar suna kallon juna cikin kunya. Malamin makarantar ne ya shiga gidansa ya fito da jarka biyu, ruwan girkin matarsa na ranar. Ya ajiye su a soro, daidai ƙarƙashin igiyar, ya fita ya zauna a waje. Da su aka wanke Baba.