Kwabo Mai Karkataccen Huji

Wannan abu a Dutse Uku ya same ni, nan cikin Jos, shekarun baya ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Na san duk wanda ya san ni zai ce ga shi nan ya fara, don ni ne na taɓa gaya wa 'yan ajinmu cewa ƙanƙarar da ta zubo a unguwarmu ta kashe akuya, ta kuma fasa tukunyar da za a dafa ta. To na yarda, ina ƙara wa labari gishiri, wani lokacin ma buhu guda nake juyewa. Amma wannan, wallahi tallahi, ban ƙara masa ko ƙwaya ba. Da ma a ce ƙarya ce na shirga.

Kakanmu ya zo Jos ne zamanin haƙar kuza, ya yi lebura har bayansa ya lanƙwashe, kuma da ya rasu abin da ya faɗo hannuna shi ne wani gwangwanin madara cike da tsofaffin kwabbai da aninai waɗanda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Sauran yara suna ƙwallo, ni ina durƙushe da gilashin tsohon tabarau ina leƙen kwabo kamar likitan ido. A haka na iya rarrabe su. Akwai farare masu huji, na zamanin Turawa na can baya. Akwai jajaye na tagulla, su ma da huji da tauraro mai tsini shida. Akwai kwabon zamanin naira wanda ba shi da huji, shi kuma kala biyu ne: na farko tagulla ce zalla, na baya ƙarfe ne aka shafa wa ja, kuma in kana son kama maƙaryaci sai ka kawo mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo, na bayan zai maƙale, na farkon ko a jikinsa. In ka saki tagulla a kan siminti kukanta dogo ne, siriri. Sannan ƙarƙashin hujin wasu akwai ɗan harafi ƙarami kamar ƙwan kwarkwata, wani H, wani KN, alamar gidan da aka buga shi. Babbar dokar da na koya da kaina ita ce ba a wanke tsohon kwabo. Wannan duhun da ke jikinsa rigarsa ce. In ka goge shi yau ya yi ƙyalli, to naman jikinsa ka cire, kuma ƙananan haruffan nan su ne ke fara tafiya.

A duk cikin gwangwanin akwai ɗaya da nake ji da shi, na tagulla, na 1952, mai KN. An yi kuskure wurin huda shi, hujin ya karkace gefe har ya ci tsinin tauraron guda, sannan a bakinsa akwai 'yar tsaga inda wani ya taɓa sara shi da wuƙa. Ko cikin dubu aka jefa shi zan tsamo shi ido rufe.

Yayana Auwal, shi ne babba a ɗakinmu, ba abin da yake so kamar tsokanata. Oga Manaja yake kirana. Ya ga inda raina yake, sai wata rana ya zare kwabon nan ya zura masa baƙin zare ya rataya a wuya.

"Yaya, don Allah ba ni, gumi zai ɓata shi."

"Oga Manaja, bankinka ya ba ni rance ne. Ka rubuta wa hedikwata."

"Zan gaya wa Umma."

"Ka gaya mata, ka ce an yi fashin kwabo ɗaya a Dutse Uku, a kira sojoji."

Na yi kuka, na yi birgima, na rantse ba zan ƙara cin abinci ba, na kuma cika alkawari har zuwa azahar. Bai ba ni ba. Da shi a wuya ya bi abokansa wajen Kuru, inda samari ke shiga tsofaffin ramukan kuza suna tono abin da kamfanoni suka bari, don aiki ya ƙi samuwa a gari. Ya ce in ya dawo zai mayar mini da kwabona har da riba. Damina ta yi nisa bai dawo ba. Da aka je nema sai labari ya rabu: wasu suka ce sun ga ya hau mota ya yi kudu, wasu suka ce wani rami ya rufta bayan ruwan sama kuma ba wanda ya san adadin waɗanda ke ciki. Ba gawa, ba saƙo. Umma ta hana a yi zaman makoki. Duk wanda ya shigo da fuskar ta'aziyya sai ta ce masa, "Auwal tafiya ya yi," ta miƙa masa ruwa ya sha ya fita.

A lokacin an yi ta yaɗa jita-jitar wai kwabo mai huji yana kawo miliyoyi, don haka mutane suka riƙa kawo mini nasu in duba, ni kuwa na baje tire a dakalin ƙofar gidanmu ina hura hanci kamar an naɗa ni sarkin kwabbai na duniya. Wata Asabar da rana tsaka, rana ƙwal, ƙasa a bushe, ina zaune sai na ji sanyi a ƙafafuna kamar an buɗe firji. Na ɗago. Wani dattijo ne tsaye, gajere, da kwanon ɗaukar ƙasa irin na leburorin da a hammatarsa, jan laka tun daga tafin ƙafarsa har gwiwa. Bai yi sallama ba.

"Yaro, kai ne mai sanin kwabo?"

Na ce, "Baba, duk Jos in ba ni ba sai ni."

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya zaro wata doguwar igiya daga kwanon ya shimfiɗa a kan tirena. Kwabbai ne masu huji a zure, da yawa, kuma jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga jikinsu yana wari irin na kududdufin kuza. Ya ce sun cakuɗe masa, yana so in ware masa na da can daban, na bayan nan daban, don kowa ya samu nasa. Ban tambaye shi su waye kowa ba. Na ɗauka irin Hausar wasu dattawanmu na nan ce.

Na fara aiki. Sanyinsu har cikin ƙashin yatsa. Fararen na gefe guda, duk sun dushe. Na tagullar kuwa sun yi kore shar, irin koren da ke kama tagulla in ta daɗe a cikin damshi, sai na kanga gilashi kafin in ga harafin. Ina ja ina warewa, ina ta surutuna, wannan H ne Baba, wannan KN, wannan na zamanin sarauniya ne, har na iso ƙarshen igiyar. Na ƙarshen bai yi kore ba. Ja ne, da duhunsa na asali, kore ɗan kaɗan ne ya fara kama bakinsa. Hujinsa a karkace, ya ci tsinin tauraro. Ga tsagar wuƙa. Ga guntun baƙin zare a maƙale. Kuma shi kaɗai a cikin igiyar nan yake da ɗumi, ɗumi irin na abin da aka ciro yanzu daga cikin riga.

Na ajiye gilashin a kan tire. Da ƙyar na ce, "Baba, wannan na yayana ne. Ina ka gan shi?"

Ya kalli kwabon, bai kalle ni ba. Ya kwance shi daga igiyar ya ajiye a tafin hannuna. "Wannan bai gama ba," in ji shi. "Riƙe. Ranar da ya yi kore kamar 'yan'uwansa zan zo in karɓa."

Ya naɗe igiyarsa ya sa a kwano ya bi lungu. Na bi shi da gudu ina kiran Baba, Baba, lungun nan kuwa ba shi da wata mafita sai katangar gidan wani, amma ban ga kowa ba sai kaji. Na dawo wurin Mama Ladi, mai gasa masara a tsallaken gidanmu, na ce ko ta ga dattijon nan. Ta juya masararta, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Ka taɓa igiyar?"

Na ce na taɓa.

"A ƙauyenmu in ya zo ba a amsa masa," ta ce. "Je ka wanke hannunka, ɗana." Washegari ta mayar da murhunta wani layi.

Na shiga gida na nuna wa Umma, na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta karɓa ta riƙe a ƙirji, sannan ta ce, "Da ɗuminsa. Na gaya muku tafiya ya yi." Ta sa na maimaita mata maganar dattijon. Tana jin zancen kore sai ta tashi ta ɗauko toka da lemon tsami da soson ƙarfe, irin yadda take yi wa tukunya.

"Umma, ba a wanke shi. Cinye shi za ki yi."

"Kai da gwangwaninka. Ɗana ne a ciki, kana gaya mini doka?"

Ta goge shi tas, ya yi ƙyalli kamar sabo, ta naɗe shi a busasshen ƙyalle ta sa a ƙarƙashin matashinta. Da gari ya waye ƙyallen a jiƙe, da warin kududdufi, koren kuma ya dawo, har ya ɗan fi na jiya. Ta sake gogewa. Mun gwada man gyaɗa, mun gwada kwalba mai murfi, mun shanya shi a rana kan kwanon rufin ɗaki, an kai shi wurin malamai sun yi addu'a sun ce a bar wa Allah. Kowace safiya a jiƙe, kowace safiya da kore.

Har dabara na yi. Ina da wani na 1952 mai H, na musanya su tana wanka, na ɓoye na gaskiyar a gwangwanina don ya huta da soso. Da safe ta fito da na bogin a bushe, ta ajiye shi gabana, ta ce, "Ina ɗana?" Na buɗe gwangwanin, ruwa kwance a ƙasansa, kore ya ci rabin kwabon a kwana ɗaya. Ba ta dake ni ba, da ma ta yi. Durƙusawa ta yi a tsakar gida tana gogewa tana kiran sunansa a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci.

Yanzu shekaru sun wuce, ina ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma ba ranar da ta tsallake. KN ɗin ne ya fara tafiya, kamar yadda na sani. Sai shekarar, sai sunan sarkin Turawa, sai tauraron. Tsagar wuƙar ta shafe. Hujin ya yi faɗi har ba ka gane ya taɓa karkacewa. Abin da ya rage wani ɗan zobe ne siriri kamar reza, in ka sake shi a siminti ba ya kuka. Yatsun Umma duk sun tsattsage da toka. Ni da na san tagulla na san abu biyu ne kawai: in ta daina, kore ya rufe shi dattijon ya zo, in ta ci gaba, wata safiya zai karye a hannunta. Na rasa wanne zan roƙa.

Kwanakin baya ta kira ni, ta miƙo mini shi a tafin hannu, idonta ya fara rauni yanzu.

"Manaja, duba mini da gilashinka. Har yanzu nasa ne ko?"

Na kanga gilashin na daɗe ina kallo. Ba abin da ya saura a jikinsa da zan iya nuna wa mutum. Ɗumin ma sai ka riƙe numfashi kafin ka ji shi, kuma ban sani ba ko na hannunta ne. Na ce, "Nasa ne, Umma."

Ni dai na daina baje tire, gwangwanin ma ban ƙara buɗe shi ba. Ku masu tara tsofaffin kwabbai, in wani ya kawo muku su a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ku ce ba ku san kwabo ba, ku ce ko karatu ba ku iya ba, ku tashi ku shige gida. Ina rubuta wannan da safe kafin in tafi makaranta, kuma ga ƙarar soson nan ina ji daga tsakar gida, a hankali take yi yanzu, don ita ma ta san saura kaɗan.