Dattijon Kujerar Baya

Kafin motoci su cushe babbar hanya, Malam Misbahu ya riga ya bar gidansa da ke garin Gaithersburg da flas ɗin shayinsa, ya nufi duk sakandaren da aka kira shi. Ya daɗe yana koyar da falsafa a jami'a, amma da ya ajiye aiki bai zauna gida jiran jikoki ba. Sai ya koma dafa wa malaman sakandare, waɗanda galibi ɗora musu darasin ake yi ba su karance shi ba. In ya je kuma ba ya tsayawa gaban allo. Kujerar baya yake ja, ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa, ya kasa kunne.

Ku tambayi Malama Chundung, 'yar Filato da ke koyarwa a Woodbridge. Tarihi ta karanta, aka haɗa mata da falsafa. Ita kuwa tarbiyyar gida gare ta: malami ya faɗa, ɗalibi ya rubuta. Duk wanda ya ce "ban yarda ba", a wurinta fitsara ce. Yara suka yi ta sulalewa, har makaranta ta ce in aka ci gaba haka za a rufe ajin.

Ranar da Malam ya fara zama a ajinta, wata ɗaliba, Tracy, ta tambaya: in ƙarya za ta ceci rai, me zai hana a yi ta? Malama ta haɗe rai ta ce a koma littafi. Da aka tashi, Malama ta nufo Malam a kujerarsa.

"Baba, ka ga abin da nake fama da shi ko? Yara ba kunya!"

"'Yata, ai gaishe ki yarinyar nan ta yi. A wannan fannin musu shi ne gaisuwa. Ke ce ba ki amsa ba."

Daga nan duk Asabar sai su haɗu su biyu, ya cire hularsa ya zama ɗalibi mai taurin kai. Ta faɗa, ya musa. Ta fusata, ya yi dariya ya ce a sake. Wallahi ta sha cewa ta daina, shi kuwa ko a jikinsa. A hankali ta koyi cewa, "To, kawo hujjarki." Yara suka dawo, ajin ya tsira.

Kai ne, Malam, ka san ilimi ba a tsaye kaɗai ake ba da shi ba. Kai ne ba ka taɓa gyara malami a gaban ɗalibansa ba, ko da kuwa kuskuren ya kai raƙumi girma.

Bana ido ya hana shi tuƙi. A zuwansa na ƙarshe ajin Malama Chundung yara suka matsa sai ya yi magana. Yana cikin bayani Malama Chundung ta katse shi a gaban kowa.

"Baba, ban yarda ba."

Ya dube ta, idonsa ya ciko, ya ɗauki hularsa.

"Na amsa, 'yata. Aikina ya ƙare."

Mun gode, Malam Misbahu, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masanan da ke zaune a unguwar Mitchellville da digirori a bango, ga kujerar can a baya, ba kowa a kai.